Kowane Ɗan Caca da Abin da Ya Kai Shi

Ɗana,

Saƙonka ya iso, na kuma ji zafin da ke cikinsa. Ka yi faɗa, ka ƙwace waya ka mayar, ka biya bashi, ya yi kuka ya yi rantsuwa, amma ƙanenka ya koma. Yanzu kana tambayata ko kwaɗayi ne ko taurin kai. Ka ɗan jingine wannan tambayar ka ɗauki wata: me yake samu a wurin cacar nan? In ka ce kuɗi, ya fi ka sanin ba ya samu, shi ke riƙe da tikitocin. Duk wanda ya shekara yana buga caca ya sani a ransa, ko bai taɓa zama ya yi lissafi ba, abin da ya fita daga aljihunsa ya fi abin da ya shiga. Kuma gobe da shi za a buɗe shago. Ke nan akwai wani abu da ake biyansa da shi wanda ba naira ba, abin nan kuwa ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Sai ka san nasa kafin ka san ta inda za ka ɓullo masa.

Hukuncinta a addini ba sai na tsaya a kai ba, da kai da shi kun san shi tun kuna Islamiyya. Abin da nake so ka lura da shi kawai, a Suratul Ma'ida an ambaci caca a jere da giya, aka kuma bayyana ɓarnarsu tare: gaba tsakanin mutane, da shagala daga ambaton Allah da salla. Likitoci sun daɗe kafin su ajiye su wuri ɗaya. Sai a 1980 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa jarabar caca cikin kundinta na cututtuka, sai kuma a 2013 ta ɗauke ta ta kai ta babin da giya da ƙwaya suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ma haka ta yi a kundinta da ya fara aiki a 2022. Ban kawo wannan don a wanke yaron ba. Laifi yana nan, haƙƙin mutanen da ya ci yana nan. Na kawo ne don ka daina mamakin yadda faɗanka ke bi ta bayan kunnensa. Wanda ya taɓa zama da ɗan ƙwaya ya san tsawa kaɗai ba ta raba shi da ita.

A 2002 wasu masana biyu, Alex Blaszczynski na Ostiraliya da Lia Nower ta Amurka, suka fitar da wani bayani da har yau masu jinyar 'yan caca suke aiki da shi. Suka ce mutanen da ake kawo musu, ko da a ido ciwonsu ɗaya ne, ta hanyoyi uku suka iso gare shi, kuma maganin da ya yi wa wannan ba lalle ya yi wa wancan ba. Da na bi bayanin nasu sai na riƙa ganin fuskokin mutanen unguwa.

Na farko, wanda a ganina shi ya fi yawa a cikin samarinmu, ba shi da wani tabo a zuciya kafin ya fara. Yaro ne mai tarbiyya, yana sana'arsa ko karatunsa. Abokai da sabo ne suka kai shi. Ka leƙa gidan kallo ranar Asabar da yamma, za ka gan shi a bencin baya. Kowa idonsa na kan talabijin, shi nasa na kan waya, ga wata doguwar takarda mai santsi naɗe a yatsansa. Ana ihun an ci ƙwallo a gabansa, ko ɗagowa bai yi ba, domin hankalinsa na wurin wani wasa a wata ƙasa da bai san sunan ɗan wasanta ko ɗaya ba. Kulob ɗin da yake so tun yana ƙarami ya ci biyu, shi kuwa addu'a yake a farke ɗaya, saboda abin da ya sa a tikiti ke nan. In ka ga yaro ya kai ga yi wa kulob ɗinsa fatan a zura masa, ƙwallon ta riga ta fita daga ransa, wani abu ya zauna a gurbinta.

Yawancin irinsa, in ka bi labarinsu, za ka tarar da wata rana guda da suka ci. Robert Custer, likitan da ya buɗe sashen farko na kwantar da 'yan caca a wani asibitin tsofaffin sojoji a jihar Ohio a 1972, ya lura da yawa daga majinyatansa da babban ci suka fara. A ce yaro ya sa naira 200 ya wayi gari da 30,000. Kuɗin za su ƙare cikin sati, amma daɗin alat ɗin da ya shigo, da yadda abokai suka yi ta ɗaga shi sama, wannan ba ya ƙarewa. Shi yake nema ya sake ji. Ni kam in ina yi wa matashi addu'a, nakan roƙa masa cewa in har ƙaddara ta kai shi ya taɓa caca, Allah ya sa a cinye shi tun ranar farko.

Za ka ce to ai tun daga ranar asara yake yi, me ya hana ya gane? Nan ne abin yake da ban tausayi, domin asarar da kanta tana cikin abin da ke riƙe shi. B. F. Skinner, wani masanin halayya na Amurka, ya gwada da tantabaru. Wadda ake ba ta hatsi duk sanda ta caki maɓalli da baki, da an daina ba ta takan haƙura da wuri. Wadda kuwa ake ba ta jefi-jefi, ba ta san caka ta nawa za ta kawo ba, ita ce ke ta caka ba ji ba gani, ko da an daɗe da rufe hatsin. A 2003 Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka auna ƙwaƙwalwar birai, suka ga sinadarin dofamin, wanda ke zaburar da rai ga neman abu, ya fi tashi a lokacin jira idan samu da rashi suka yi kunnen doki, wato biri bai san ko zai samu ko ba zai samu ba. Ke nan mintoci 90 ɗin nan da gaba ke dukan uku-uku, su ne hajar da ake sayar masa. Ko an ci ko ba a ci ba, ya riga ya karɓi abin da ya saya.

Sai kuma maganar da za ka ji a bakin kowannensu: "Wasa ɗaya ne ya yanke min." Ya jera goma, tara sun shiga, na goma aka farke a mintin ƙarshe. A wurinsa ya kusa. Luke Clark da abokansa a Jami'ar Cambridge sun nuna a 2009 cewa irin wannan saura ƙiris yana kunna sassan ƙwaƙwalwar da ci na gaske ke kunnawa. Mutanen da aka gwada sun ce abin ya ɓata musu rai, amma ya ƙara musu son su sake. Alhali a wurin kamfani, da wanda ya faɗi ɗaya da wanda ya faɗi goma duk ɗaya ne. Ka ɗauki biro ku yi lissafin tare, kada ka yi masa shi da baki. A ce kowane wasa da ya zaɓa, cikin goma sau bakwai yana faɗa daidai, wanda ba ƙaramin sani ba ne. In ya haɗa wasa 10 a tikiti ɗaya, damar su shiga duka ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Ga kuma ladan kamfani. Abin da yake rabi da rabi, kamata ya yi wanda ya ci a ninka masa kuɗinsa biyu cif, sai a ba shi 1.90. Mutum biyu kowa ya sa naira 1,000, ɗaya nan ɗaya can, kamfani ya karɓi 2,000 ya biya 1,900, ko wa ya ci. Kashi 5 cikin 100 ke nan a wasa guda. A haɗa wasa 10, wannan 'yar biyar ɗin tana hawa kan 'yar'uwarta har ta kai wajen kashi 40 cikin 100. Shi ya sa doguwar takarda ce aka fi yi wa talla.

Akwai wani reshe na wannan rukunin da ya fi gardama, shi ne masani. Ya san wanda ya ji rauni, ya san wanda jan kati ya hana bugawa, ya san yadda aka tashi duk sanda ƙungiyoyin suka haɗu. Ba ya yarda caca yake yi, cewa yake nazari ne. A zamaninmu irinsa ne ke zama da takardar ful yana zana wasannin Ingila da za su tashi canjaras, a Nijar kuma shi ne mai takardar PMU yana nazarin dawakin da za su yi tsere a Faransa. Abin da ke riƙe shi girma ne, a majalisa a ce wane ya faɗa kuma ta faru. Ellen Langer ta yi wani gwaji a 1975: an sayar wa mutane tikitin dala ɗaya, wasu suka zaɓa da hannunsu, wasu aka miƙa musu. Da aka nemi su sayar, waɗanda suka zaɓa da kansu sun nemi fiye da ninki huɗu na abin da sauran suka nema, alhali ƙuri'a ce za a jefa. Da mutum ya sa hannunsa a abu sai ya ji kamar yana da iko a kansa. Abin da masanin namu ya manta, duk abin da ya sani kamfani ya riga shi sani, ya kuma zuba shi cikin farashin. Ɗan'uwansa shi ne mai bin lambobi, wanda ke fassara mafarki, ko ya kai wa boka kuɗi a ba shi sa'a, ko ya ce lamba kaza ta daɗe ba ta fito ba, lokacinta ya yi. A gidan cacar Monte Carlo a 1913, 'yar ƙwallon da ake jefawa a kan faifai mai juyawa ta faɗa gidan baƙi sau 26 a jere, mutane suna ta zuba dukiya a kan ja suna cewa yanzu dole ta juya. Faifai ba ya tuna abin da ya yi ɗazu. Masu sayar da "tabbataccen wasa" a waya kuwa, tambaya ɗaya ta ishe su: wanda yake da tabbas, me zai yi da dubu biyunka?

Duk da tsawon bayanin nan, wannan rukunin shi ya fi sauƙin dawowa. Damuwar da kake gani tare da shi cacar ce ta haife ta, in cacar ta tafi ita ma za ta bi ta. Lissafi yana kama shi, kunya tana kama shi, canza abokai da canza inda yake yin yammacin Asabar yana yi masa aiki.

Na biyu shi nake so ka fi natsuwa a kansa, domin shi ake yawan zalunta da sunan gyara. Wannan da ciwonsa ya zo. Kafin ya san caca akwai abin da ke cin sa: ciwon damuwa, ko fargabar da ba ta barin sa barci, ko rasuwar wani da bai gama kukanta ba, ko auren da ya ƙi daɗi, ko gidan da ya tashi a ciki ba a taɓa ce masa sannu ba, ko shekarun da ya yi da takardar digiri a akwati yana jin ana kwatanta shi da tsararrakinsa. Ba nishaɗi ya kawo shi ba, so yake kansa ya yi shiru. Natasha Dow Schüll ta shafe shekaru tana zama da masu buga injinan caca a Las Vegas, ta fitar da littafinta a 2012. Abin da suka yi ta gaya mata, suna zama gaban injin ne don su shiga wani yanayi da lokaci da jiki da bashi da kowa ke ɓacewa. Wasu ma ci haushi yake ba su, saboda yana katse musu wannan yanayin.

Shi ba ya cikin masu ihu. Ba ya nuna tikiti a majalisa, ba ya fahariya in ya ci. Shi kaɗai yake yi, yawanci da dare, mayafi a ka, hasken waya a fuska. Ba ya iya jiran Asabar, don haka ya fi son abin da ba ya ƙarewa: wasannin kwamfuta da ake bugawa a tashi cikin 'yan mintoci a sake sabo, ko ɗan jirgin nan da ke tashi sama kuɗi na ninkuwa, sai ka cire kafin ya ɓace. Ka kuma lura da lokacin da yake yi. Bayan an yi masa faɗa ne? Bayan ya dawo daga neman aiki ba labari? Ranar da aka ɗaura auren wadda yake so? Kada kuma mu ɗauka maza ne kaɗai. Waya ta shiga ɗakin kowace mace, kuma macen da kaɗaici ya addaba tana iya zubar da kuɗin adashi a nan ba wanda ya ji motsinta, tsoron abin kunya kuma ya hana ta neman taimako fiye da yadda yake hana namiji.

Irin wannan in ka tara masa mutane ka kira shi asararre, ka ƙara masa abin da yake gudu ne, kuma wuri ɗaya ya sani da yake ɓuya. In ka ƙwace cacar ba ka taɓa ciwon ba, zai nemi wani abin, wataƙila ƙwaya, wataƙila maganin tari. Kuma ɗana, ka buɗe kunnenka da kyau a nan. Wani bincike da aka yi a Suwidin a 2018, a kan mutum sama da 2,000 da likita ya tabbatar suna da jarabar caca, ya gano kashe kai ya ninka a cikinsu kusan sau 15 a kan sauran jama'a. In ka taɓa jin ya ce gara ya mutu ku huta, ko ya ce ya gaji da duniya, kada ka ce barazana ce ko rashin tawakkali. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar.

Na uku ba sai na tsawaita ba, don gida ya riga ya san shi tun yana ƙarami. Shi ne wanda bai taɓa iya jira ba, ba ya zama wuri ɗaya, yau faɗa, gobe an koro shi daga makaranta, jibi an kama shi da kayan wani. Da wuri yake fara caca, da sauri take yin nisa, kuma ɗaya ce kawai cikin abubuwan da yake yi, tare da shaye-shaye da tuƙin ganganci. Shi ya fi wuyar magani. Ko shi ba na so a yanke masa ƙauna, domin wani ɓangare na abin a halittar ƙwaƙwalwa yake. Likitoci sun ga dattawa masu kamun kai, waɗanda ba su taɓa riƙe karta ba, sun afka caca bayan an ɗora su kan wasu magungunan cutar karkarwa ta Parkinson masu taɓa dofamin, da aka rage maganin kuma abin ya lafa. Amma irin wannan yana bukatar likita da iyaka mai ƙarfi, kuma dole a fara da kare gida: takardun fili, sarƙoƙin mata, jarin shago.

Akwai wanda rabon masanan bai fito da shi sosai ba, ni kuwa ina ganinsa kullum. Shi ne yaron da zai dube ka ya ce, "Baba, ɗari biyun nan me za ta saya min? Gara in gwada." Ba na iya yi masa tsawa da zuciya ɗaya, domin na san kasuwa. Shi fata yake saya, 'yan awannin da zai yi yana tsara yadda zai sayi babur, ya biya haya, ya kai mahaifiyarsa Makka. Amsar da nake ba shi, naira 200 kullum 6,000 ce a wata, 73,000 a shekara, kuma ba a taɓa tsayawa a 200 ba. Na san amsar ba ta isa sai an haɗa da wani abin yi da zai sa gobe ta zama abin jira. Sai dai kada ka ɗauka talauci ne tushen abin duka. Ivan Toney yana tsaka da zura ƙwallaye a Firimiya aka dakatar da shi wata takwas a 2023 saboda karya dokar caca sau 232, likita kuma ya tabbatar jaraba ce. A shekarar dai Newcastle ta sayi Sandro Tonali daga AC Milan da maƙudan kuɗi, ko wata huɗu bai yi ba aka dakatar da shi wata goma. Ka ambata wa ƙanenka su, ya san su, ya kuma san ba kuɗin haya suke nema ba.

Ko ta wace hanya mutum ya biyo, akwai inda duk suke haɗuwa, wato ramuwa. Henry Lesieur littafi sukutum ya rubuta a kanta a 1977. Daga ranar da mutum ya daina cewa "bari in ci" ya koma cewa "bari in mayar da kuɗina", lissafinsa ya juye. Zafin asarar naira 10,000 ya fi daɗin samun naira 10,000, abin da Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna ke nan a 1979, kuma wanda ke cikin asara ya fi kowa yarda ya yi kasada don kada asarar ta tabbata. Yanzu ba zai iya sa 200 ba, domin ba za ta cike giɓin ba. Sai ya taɓa kuɗin maigidansa da niyyar mayarwa kafin Litinin. Sai ya ci bashi a manhajar waya don ya toshe wancan. Sai ƙarya, wadda ita ce ta fi ƙona maka rai, na sani. Ka gane cewa a idonsa, cacar da ta jefa shi rijiya ita ce kaɗai igiyar da yake gani. In ka ce ya daina, abin da yake ji shi ne ka ce ya yarda kuɗin sun tafi har abada, ya kuma tsaya gaban mutane da wannan. Babban abin da za ka taimaka masa ya haɗiye ke nan: sun tafi, ba za su dawo ta nan ba.

Fyodor Dostoevsky, marubucin Rasha da duniya ke ji da shi, ya san zuciyar ɗan Adam fiye da yawancinmu. Bashi ya matse shi har ya rubuta littafi a kan ɗan caca cikin kwana 26 a 1866 don ya cika alkawarin mai buga littattafansa, bayan nan kuma ya koma teburin caca a Jamus yana jinginar da kayan amaryarsa. Sai a 1871 ya bari, bai kuma sake komawa ba har ya mutu bayan shekara goma. Na kawo shi ne don ka san ana fita, ko an daɗe a ciki.

Yanzu maganar bashin da ka biya. Na san zumunci ne da kare sunan gida suka sa ka, Allah ya saka maka. Amma Custer da waɗanda suka biyo bayansa sun ga abu ɗaya yana maimaituwa: ranar da dangi suka share bashin gaba ɗaya, ɗan caca yakan ji ta tamkar wani babban ci, ya koma da ƙarfinsa. Kada ka sake ba shi kuɗi a hannu, kada kuma ka biya a ɓoye. A zauna a rubuta duk abin da ake bin sa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ka sa rai adadin farko da zai faɗa ba shi ne na gaskiya ba. A je wurin masu bashin tare da shi, a tsara biya kaɗan-kaɗan daga guminsa. In za ka taimaka, ka ɗauki abincinsa ko hayar ɗakinsa, ka biya kai tsaye.

Zaman da za ku yi, ku biyu kawai, ba a gaban ƙanne ba, ba kuma a ranar da ya yi asara ba. Tambayarka ta fi faɗanka yawa. Yaushe ka fara? Ranar farko ka ci? Me kake ji kafin ka buɗe wayar, me kake ji bayan ka rufe? Ka taɓa ƙoƙarin bari ka kasa? In ya yi shiru, ka bar shirun ya yi tsawo. Daga amsoshin za ka gane wanda ke gabanka, kuma kada ka yi mamaki in ka ga ya ɗebo daga nan ya ɗebo daga can, mutane ba sa zama cikin layin da masana suka ja. Sannan ku nemi bayanan asusunsa na banki na wata shida, ya tara abin da ya tura wa kamfanonin da hannunsa, ya tara abin da suka turo masa. Ƙwaƙwalwa tana riƙe ranakun ci ta zubar da na asara, shi ya sa nake so ya gani a rubuce.

Hisbah ta rufe shagunan caca a Kano a 2024, kuma rage ƙofofi yana da amfani, amma shagon da ya fi haɗari yana aljihunsa, ba ya rufewa dare da rana. Don haka da yardarsa, ba da ƙwace ba, katin banki ya dawo hannunka na wani lokaci, albashi ko ciniki ya riƙa shiga inda mutum biyu ke gani, a rufe asusun cacar gaba ɗaya, ba goge manhaja kawai ba, a kuma fita daga zaurukan masu ba da wasa. In ya yarda ya koma ƙaramar waya na 'yan watanni, ya fi. Ƙwallo ma ya ɗan huta da kallonta, ko da yana so, domin tallan yana jikin rigunan 'yan wasa da allunan gefen fili. Ƙungiyoyin Firimiya da kansu sun amince a 2023 za su cire shi daga gaban riga bayan kakar 2025/26. Awannin da aka ƙwato kuma a cika su da wani abu, ko koyon sana'a ne ko buga ƙwallon da ƙafarsa a filin unguwa.

Zai iya zamewa. In ya zame, abin da za ka duba shi ne ya zo ya faɗa da bakinsa ko kai ka gano. In ya faɗa, ka riƙe fushinka, domin wannan faɗar alamar samun sauƙi ce, in ka hukunta ta kuma ba za ka sake jin ta ba. A samo masa malami mai taushin hali da zai buɗe masa ƙofar tuba, ya nuna masa yadda ake mayar da haƙƙin mutane. In ka ga alamun na biyu ko na uku, asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, ba na waɗanda hankalinsu ya gushe ba ne kaɗai. Akwai masu zama su saurari mutum su koya masa yadda zai kama tunaninsa kafin ya kai shi ga waya, akwai kuma maganin ciwon damuwa. A 1957 wasu 'yan caca suka fara haɗuwa a Los Angeles suna taimakon juna su bari, ƙungiyar tasu kuma ta bazu a duniya, domin ɗan caca ya fi sakin jiki da wanda ya taɓa yi ya fita. In akwai irinsa a unguwarku, ka haɗa su.

Saura mahaifiyarku. Ina kyautata zaton tana ba shi a ɓoye, in ya zo mata da ido jajawur ba za ta iya hana shi ba, kuma duk shirin da ka yi ta nan zai zube. Kada ka tunkare ta da wannan, ba maganar ɗa ba ce. Ka bar min. Zan shigo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in zauna da ita. Kai dai ka yi naka zaman da shi kafin nan, ka kira ni ka gaya min abin da ya ce.

Ka gai da iyali.

Kawunka